Ranar da Malam Salihu Ya Hau Keke

Zuwa ga Malam Salihu, tsohon editan wannan jarida, wanda mutanen birnin Zariya ke kira Tura-Keke, a duk inda takardar nan ta same shi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, da tambayar lafiyarka da ta gwiwar nan taka ta hagu mai tashi in damina ta kama, ina sanar da kai mu nan lafiya muke, sai kewarka. An yi ruwa sosai bana, dawa ta yi kyau a bayan ganuwa. Malam Bulus na Wusasa, mai jera mana baƙaƙe, yana gaishe ka, ya ce in gaya maka har yau bai yafe tabaransa da ka zauna a kai ba.

Shekara uku ke nan da ka hau motar gabas da niyyar Makka, ba wasiƙa ba saƙo. Wani alhaji da ya dawo bara ya ce ya ga mai kama da kai a wani zangon Hausawa a ƙasar Sudan, yana rubuta wa matafiya wasiƙu a gindin bishiya. Na ce ya ba ni alama. Ya ce dogo ne siriri, da fensir a bayan kunne, kuma yana da jaki amma bai taɓa ganin ya hau shi ba, kullum ja yake yi. Nan take na ce wa mutanen ofis su daina ce maka marigayi.

Ban san abin da zan rubuta a bayan ambulan ba, shi ya sa na sa wasiƙar a cikin jarida. Kai ka sha faɗa mana cewa jarida na zuwa inda mai ita bai taɓa takawa ba. Wataƙila wani maniyyaci ya naɗe sabulu ko goro da wannan shafi, har ya faɗo hannunka. Masu karatu kuwa su matso su ji, ba gulma ba ce, maganar ta shafe su tunda su aka yi wa ƙarya.

Malam, akwai kayan da ka ɗaukar mini, kuma sun daɗe a kanka. Har gobe in aka ambaci sunanka a kasuwa sai ka ji wani ya ce, "Allah sarki, mutumin kirki, sai dai ƙaryar nan da ya yi wa Tanko mahauci ita ta ci aikinsa." Ni kuwa ina ji, ina gyara zaman hula, in koma ofis in hau kujerarka. Kai ba ka yi wa Tanko ƙarya ba. Ni na yi. Yau nake so in wanke sunanka, ko da nawa zai ɓaci. Amma bari in faro daga tushe yadda ka koya mini, don wanda bai san mu ba ya gane.

Na zo wurinka ina ɗan shekara ashirin da ɗoriya, da takardar gama makarantar Midil a aljihu, da farin wando mai kari kamar zai yanki mutum. Ofishinmu a lokacin ɗaki biyu ne kusa da Ƙofar Doka, ɗaya na inji da akwatunan baƙaƙen dalma, ɗaya namu. Jaridar shafi huɗu ce mai fitowa ran Juma'a. Mai ita Alhaji ne ɗan kasuwa, wanda ya ga azuzuwan yaƙi da jahilci sun cika gari ya ce mutanen nan in sun iya karatu ai dole su nemi abin karantawa. Na shiga na tarar da kai zaune a ƙasa kan buzu, ga tebur da kujera a gefe ba kowa, kaza kuma ta yi kwanci a cikin kwandon tarkacen takardu.

Na miƙa maka takardata, ko buɗewa ba ka yi ba. Ka ce in faɗa maka abin da na gani daga gidanmu zuwa nan. Na ce ban ga komai ba. Ka ce, "To, Ɗan Midil, koma gida ka sake tahowa." Sau uku na taka hanyar nan a yini ɗaya, daga Anguwar Juma zuwa Ƙofar Doka, ina ta ƙunƙuni. A ta ukun na ce maka an rufe bakin wata rijiya da ƙaya, kuma matan unguwar suna ta wucewa da tulu zuwa wata mai nisa. Ka ce in koma in tambayo dalili, aikina na farko ke nan. Sunan Ɗan Midil kuwa ya bi ni har yau, ko Bulus da shi yake kira na in ransa ya ɓaci.

Keken nan naka baƙi mai ƙararrawa, kullum a goge yake. In ka je Kongo ko Tudun Jukun a kansa za ka taho, amma da ka iso bakin ganuwa sai ka sauka ka kama turawa. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ganin ka a kan sirdi cikin birni. Wasu suka ce jifa aka yi maka, wasu suka ce alwashi ka ɗauka. Da na gaji na tambaye ka, ka ce wanda ke kan keke hannu kawai ake ɗaga masa, wanda ke ƙasa shi ake tsayarwa a gaya wa magana. Haka kuwa aka yi ta yi. Tafiyar da ba ta fi ƙarfin shan fura ba sai ta ci maka rabin yini. Mai kitso ta leƙo daga zaure ta aiko maka da magana, mai rake ya riƙe maka kan keke, kai kuma kana ta ɗan rubutu da ajami a bakin hannun rigarka. Mai wankinka ya sha kawo ƙara, ya ce shi bai san ko riga aka ba shi ba ko allo.

Ran Laraba kuwa ranar kunyarmu ce. In mun gama rubuce-rubuce sai ka naɗe su ka nufi karofi, mu kuma muna biye kamar waɗanda za a kai gaban alƙali. Ka tsuguna a bakin ramin baba ka karanta wa masu rini da ƙarfi. In suka ci gaba da motsa baba suna hirarsu, ka ce labarin ya mutu, a sake. In muciya ta tsaya, ka ce a kai wa Bulus. Ka taɓa yaga mini shafi guda cur da na kwana biyu ina ƙawatawa a kan maganar mulkin kai, don kawai wani tsohon marini ya tambaye ka ko da Hausa aka rubuta. Na yi fushi har na ƙi cin abincin rana. Ka turo mini ƙwaryar fatenka, ka ce, "Mutum ɗaya ke saye, mutum ashirin ke ji. Kai wa kake rubuta wa?" Na ci faten, ba don na huce ba, don yunwa.

Faten nan ma abin faɗa ne. Haƙoranka sun daɗe da yin ban kwana da kai, saura 'yan kaɗan a gaba don gaisuwa. Tun da na san ka ban taɓa ganin nama a bakinka ba sai rana ɗaya tak, kullum daga fate sai kunu sai koko. Ko a walima in an miƙo maka tsoka sai ka tura wa na kusa da kai, ka ce kai da nama kun rabu lafiya, ba baiko ba zance.

Duk waɗannan ana yi maka dariya a kansu, kai ma kana taya mu. Doka ɗaya ce ba ka wasa da ita. Duk labarin da zai ɗora wa mutum laifi ya kuma kama sunansa, ba a buga shi sai wanda ya rubuta ya je ya zauna a tabarmar mutumin ya karanta masa a gabansa, daga farko har ƙarshe, ya ji abin da zai ce. Ko ɗan sarauta ne ko mai tallan gishiri. In an dawo sai ka yi tambaya biyu: an karanta masa? Me ya ce? Sannan ka rubuta "an ji" da ajami a kusurwar takardar gwaji, wato bugun farko da ake dubawa. In Bulus bai ga wannan alama ba, ko Alhaji ne da kansa ya tsaya a kansa ba zai ɗaura baƙaƙen a inji ba. Labarai nawa muka yi asara ta haka, Allah kaɗai ya sani. Sai mutum ya ɗauko zazzafan labari, ya je karantawa, ya dawo da ɗan guntun da bai fi tafin hannu ba. Mu matasa muna ganin wannan tsufa ne kawai da tsoro, ni ma ina cikin masu faɗar haka a bayan idonka.

Ranar wata Alhamis da hantsi, kai ka tafi Kongo wani taro, ni kuma na ratsa ta bayan kasuwar birni sai na ga cincirindo. Na kutsa. An haƙa rami, ga naman sa guda a ciki, duba-gari mai kula da tsabtar kasuwa da kakinsa yana tsaye ana zuba wa naman kananzir. Tanko mahauci yana gefe, ƙato baƙi, ya ɗora hannu biyu a ka. Na tambayi wani mai sayar da igiya da ke bayana, ya ce ai mushe aka kama. Wani ya ce da ma ya daɗe yana zargi. Ban tambayi duba-gari ba, ban tambayi Tanko ba. Na ce gani ya kori ji, na ruga ofis na zauna na rubuta cewa an kama Tanko mahauci da naman mushe. Shekara biyu ina aiki labarina bai taɓa hawa shafin farko ba, ga shi ban daɗe da aure ba, ina so amarya ta ji ana karanta abin da mijinta ya ɗauko.

Na fita da takardar da niyyar zuwa rumfar Tanko, wallahi na fita. Na kai har layin mahauta, na hango shi zaune kan gungumen sara, wuƙaƙe jere a gabansa. Nan na tsaya. Na daɗe ina gaya wa kaina wuƙaƙen na ji tsoro, amma ba su ba ne. Tsoro nake in karanta masa ya faɗi wata magana da za ta narkar mini da labari. Na juya na shiga rumfar mai fura, na zauna gwargwadon lokacin da karatun zai ɗauka, na dawo.

Ka iso bayan azahar, ka jingine keke, ka karanta, ka sake karantawa. Ka ce, "An karanta masa?" Na ce e. Ka ce, "Me ya ce?" Na ce shiru ya yi. Ka ɗago ka dube ni, kallon da har yanzu in na rufe ido ina ganinsa. Ka ce, "Mahauci, a ce masa mushe, ya yi shiru?" Na ce ai kunya ce ta kama shi. Ka daɗe kana juya fensir. Sannan ka ce, "Tunda ka ce ka je, ka je." Ka rubuta "an ji". Da ka zage ni a lokacin da ya fi mini sauƙi, amma sai ka yarda da ni.

Juma'a jarida ta fito, ta ƙare kafin a taso daga masallaci. Alhaji har ya dafa kafaɗata bai ma san ni na ɗauko labarin ba, shi dai ya ga an sayar. Aka karanta a karofi, aka karanta a zauren maɗinka, da rumfar wanzamai, da tashar mota. Asabar Tanko ya ci bashi ya yanka, nama ya wuni a rataye ƙuda na bi. Lahadi haka. Matan aure suka riƙa gargaɗin masu yi musu cefane kada su kuskura su tsaya a rumfarsa. 'Yan'uwansa mahauta sun san gaskiya, suka yi ta rantsuwa, amma wa zai karɓi shaidar mahauci a kan mahauci alhali takarda ta faɗa? A lokacin mutanenmu gani suke duk abin da inji ya buga ya wuce musu.

Ran Litinin ya zo ofis. Da na ji sallamarsa na ce yau sai jini. Ya shigo ba wuƙa ba sanda, sai jaridar a naɗe cikin aljihu. Ya durƙusa a gabanka ya shimfiɗa ta a kan buzu, ya ce shi bai iya karatu ba, wanzami ne ya karanta masa, yana so a nuna masa inda sunansa yake. Ka ɗora masa yatsa a wurin. Ya sa babban yatsansa ya rufe sunan duka, ya ɗaga, ya sake rufewa. Ya ce, "Ɗan wannan abin ne ya cinye ni?"

Sannan ya faɗi yadda aka yi. Sa ne ya saya lafiyayye a ido, aka yanka da bisimilla kamar kullum. Da ya buɗe ciki sai ya ga huhun ya lalace, duk ƙuraje. Ba wanda ya gani sai shi. Da ya so da ya jefar da huhun a kwata ya sayar da namansa. Shi da kansa ya aika aka kira duba-gari, shi ya taya haƙa ramin, jarinsa kaf ya binne a ciki don kada ya ciyar da mutane cuta. Hannun da na gani a kansa na asara ne. Ya ce ubansa da kakansa a rumfar nan suka tsufa, ba a taɓa jifan su da wannan kalma ba.

Bulus ya tsaya cak da baƙaƙe a hannu. Ni na ƙura wa ƙasa ido. Kai kuwa ko waiwayo na ba ka yi ba. Ka ce, "Tanko, ni na sa hannu aka buga. Mun zalunce ka. Ka ba ni kwana bakwai."

Daga nan ka fita, ka kama keke, ka ɗaga gwiwar nan mai ciwo ka haye. A cikin birni, rana tsaka. Mutane suka fito ƙofar gida suna kallo, wata tsohuwa mai ƙosai ta miƙe tana salati, ta ce lallai an yi babbar mutuwa. Ka manta yadda ake bin lungu a kan keke, rigarka ta shiga sarƙa, ka faɗi a bakin wani kududdufi, ka tashi ka sake hawa. Wurin duba-gari ka je, ya tabbatar maka da maganar Tanko tsaf, har ya ce shi yana shirin yaba masa a gaban mahauta. Da ka dawo da taɓo har kunne, Bulus ya ce, Malam, yau kuma ina dokar? Ka ce labari ana iya tura shi a hankali, gyara kuwa ba ya jira.

Rigimarka da Alhaji a gabana aka yi ta. Alhaji ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne, kuma a lokacin garin ya ɗau zafin siyasa, kowa na neman inda zai kama mu da ƙarya. Ya ce a sa gyaran a shafin baya, layi biyu, ƙarƙashin tallan maganin ciwon kai. Ka ce inda aka yi ɓarna nan ake gyara, shafin farko, da baƙaƙe masu girman na ranar. Ya ce in haka ne sai an ga wanda aka kora, in ba haka ba mutane za su ce gidan ne duka maƙaryata. Ya tambayi wanda ya ɗauko labarin. Ina tsaye a bakin ƙofa, ina tuna amarya da tsohuwata da ta gama gaya wa dangi ɗanta ma'aikacin jarida ne. Ka ce, "Alhaji, a gidan jarida edita ke amsawa. Ka kori edita." Ko kalma ɗaya ta ƙarya ba ka faɗa ba, amma gari duka ya ɗauka kai ka rubuta, ni kuma na bar su a haka.

Gyaran ya fito Juma'a a shafin farko da sunanka a ƙasa. Na ɗauka shi ke nan. Kai ka san ba shi ke nan ba, domin mutum ashirin ɗin nan da suka ji na farko ba lallai su zauna jin na biyu ba. Ka san duk wani zaure da gindin rimi da ake karanta jarida a birnin nan, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Kullum da safe ka je rumfar Tanko ka sayi nama, ka rataye shi a kan keke inda kowa zai gani, ka tura. In ka isa wuri ka yi sallama ka karanta gyaran da bakinka, ka tsaya a yi maka tambaya, a yi maka gori, ka amsa. A karofi wani ya ce in da gaske kake ka ci mu gani. Ka sa mai tsire ya gasa maka yanka ɗaya, ka zauna kana fama da shi da dasashi, hawaye na zubo maka, masu rini na ta dariya har suna riƙe ciki. Ka fi rabin sa'a kafin ka haɗiye. Washegari biyu daga cikinsu suka aika sayen nama wurin Tanko.

Ina biye da kai a duk yawon nan, ni ke riƙe maka jaridu, mutane na yaba mini biyayya. Ban taɓa ganin mutum kamarka ba, Malam, kuma ban taɓa ƙin kaina kamar a waɗannan kwanaki ba. Kasuwar Tanko ta dawo kafin kaka. Taka kuwa ta tashi. Ƙarshen wata ka naɗe buzunka, ka ce da ma ka daɗe kana son zuwa ɗakin Allah, yanzu uzuri ya ƙare.

Na raka ka tashar mota. Ka ba ni keken ka ce na san dokarsa. Ka riga ka sa ƙafa ɗaya a jikin mota sai ka juyo ka ce, "Ɗan Midil, ba abin da ka manta ba ka gaya mini ba?" Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ka yi ɗan murmushi ka ce amin. Motar ta tashi ina tsaye da keke, na turo shi har gida.

Bayan shekara ɗaya Alhaji ya ba ni aikinka. Dokokinka duka ina riƙe da su. Ran Laraba ina zuwa karofi, a cikin birni ba na hawa, jikar kazarka ma tana nan cikin kwando. Yanzu ni ke tambayar sababbin ma'aikata ko an karanta wa mutum, ni ke rubuta "an ji". Duk sanda na yi wannan tambaya sai in tuna amsar da na ba ka.

Da na gama wannan wasiƙa na ga ta kama sunan mutane, kuma doka doka ce. Na karanta wa Bulus, ya cire tabarau ya goge, ya ce shi dai zai jera. Na karanta wa Alhaji, ya yi ta faɗa, ya ce tsohon miki nake son famawa, ya ce zai yi tunani a kan kujerata. Har yanzu yana tunanin, kuma duk abin da ya yanke daidai ne. Sannan shekaranjiya na tura keke zuwa layin mahauta, na ƙarasa 'yan takun nan da na kasa ƙarasawa a wancan lokaci. Na zauna a tabarmar Tanko na karanta masa daga farko har nan. Bai daina yankan nama ba.

Da na kai aya ya goge wuƙa ya ajiye. Ya ce, "Ai na sani. Ranar da na je ofishinku kowa ya dube ni, kai kaɗai ka dubi ƙasa." Ya ce tun a makon ya tambaye ka, Malam, me ya sa za ka sha dukan da ba naka ba. Ka ce masa in ka fallasa ni za a kore ni in tafi da ƙaryata wani gidan, in ka ƙyale ni kuwa wata rana zan zo da ƙafata. Ka roƙe shi ya jira ni, kuma in na zo kada ya kore ni. Ya ce, "Shekara uku ina ajiye maka wurin zama, malamin jarida. Ka yi nawa."

Ashe ka sani tun ranar Litinin ɗin, Malam, ko ma tun Alhamis kana juya fensir. Ashe a tashar mota ƙofa ka buɗe mini na ƙi shiga. Na yi kuka a layin mahauta, babba da ni, da hular edita a kaina, ba kuwa wanda ya yi mini dariya. Tanko ya ce ya yafe. Ya ce in nuna masa inda sunanka yake a takardar, na nuna, ya shafa. Sannan ya ce nawa ma in sa shi, kuma kada in sa da ƙanana.

To, an karanta wa kowa, saura kai. Kai ne mai babban suna a cikin takardar nan, ga shi zan buga ban zauna a buzunka ba. Na karya dokarka karo na biyu, wannan karon da sanin kowa. Kusurwar takardar gwajin na bar ta fara, ban rubuta komai ba, Bulus ya yarda ya ɗaura a haka sau ɗaya tak. Na ajiye ta a aljihun tebur. Duk matafiyin da ya ga dogon mutum mai jan jaki a hanyar gabas, don Allah ya tsayar da shi, ai a ƙasa yake, ba wuyar tsayarwa. Ya zauna a gabansa ya karanta masa wannan daga farko har ƙarshe, ya ji abin da zai ce, ya kawo mini.

Allah ya kai ka ɗakinsa lafiya, ya karɓi aikinka, ya sanyaya maka gwiwa. Yadda ka rufa mini asiri ban cancanta ba, Allah ya rufa maka naka duniya da lahira. In kana da sauran kwana Allah ya dawo mana da kai ta Ƙofar Doka, kekenka na nan a goge. In kuma ka riga mu, Allah ya haskaka makwancinka, ya sa an ji wannan a inda kake. Ka yafe mini, Baba.

Ni ne ɗanka, wanda ya rubuta ƙarya a kan Tanko mahauci, ya kuma ce ya karanta masa alhali bai karanta ba,

ISIYAKU ƊAN MIDIL
Anguwar Juma, Birnin Zariya.